Baba Wadudu Da Kujerar Gaba

Kafin rana ta leƙo ta kan duwatsun Makka, Malam Abdulwadud ya riga ya goge gilashin motarsa, ya tattaɓa tayoyi da ƙafa, ya yi bismilla ya tayar. Tsohuwar farar bas ce ƙarama, ƙofarta ma sai an lallaɓa take rufuwa. Da ita ya yi shekara da shekaru yana kai 'yan matan Hausawan unguwar Nakkasa makaranta. Da aka rushe gidajen unguwar jama'a suka watse, ya bi su Rusaifa da Hindawiyya yana ɗauka gida-gida. In ya dawo da yarinya da azahar ba ya motsawa sai ya ga an buɗe mata, ta shige, an mayar da ƙofa. Motocin da suka taru a bayansa su yi ta hon har su gaji, shi ko a jikinsa.

Bana ido ya gaza, ya ajiye makulli. Iyaye mata sai sa albarka suke, 'yan matan da ya yi wa hidima wasu har da goyonsu suke zuwa gaishe shi. Mutum ɗaya ne in an ambaci sunansa sai ya haɗe rai: Mukhtaru mai gyaran firji a Rusaifa.

Ba faɗa suka yi ba, kishi ne tsagwaronsa. 'Ya ɗaya Allah Ya ba Mukhtaru, sunanta Rim. Shi haifaffen Makka ne, a gidansa Larabci ake yi, Hausa sai in rai ya ɓaci. A bas ɗin nan Rim ta koyi Hausa, don dokar Malam Abdulwadud ce mai son zama kusa da taga sai ta gaishe shi da ita. Shi kuwa a zangon Hausawan Ghana aka haife shi, sai yarinya ta ɗauko Hausarsa sak. Mukhtaru jikan Basakkwace ya zauna yana jin 'yarsa tana magana da bakin wani namiji! Shi takan ce masa Abuya, wato babana da Larabci, direba kuma Baba Wadudu. Ranar da ta ci jarrabawar aikin jinya, direba ta fara bugo wa waya. Wannan kam Mukhtaru bai manta ba, kuma ba shi da niyyar mantawa.

To sai ga biki ya taso a Accra, 'yar ƙanwar Ummulkhairi, matar Mukhtaru, za a aurar, gidan duka za su je. Rim ta ce in an gama biki tana son a ɗauki shatar mota kwana ɗaya, a je Cape Coast da Elmina, inda Turawa suka gina manyan gidaje a bakin teku suna tsare bayi kafin a loda su a jirgi.

Mukhtaru ya ture kofin shayi. "Me muka ajiye a can? Mu ba bayi ba ne. Kakana da ƙafarsa ya tako aikin hajji. Halas, magana ta ƙare, ba ni zuwa."

"Tayyib, shi ke nan, Abuya," in ji Rim, ko ɗaga murya ba ta yi ba. "Sai in roƙi Baba Wadudu ya raka ni. Ai ƙasarsu ce, ni zan ɗauki nauyin tafiyarsa."

Wayyo Mukhtaru! Da ta yi masa gardama ma da ya fi masa sauƙi.

Ranar da tsohon ya zo tsara tafiya, bayan la'asar, mutumin da ya ce ba ruwansa sai ga shi ya gano cewa fankar falo tana buƙatar gyara. Ya hau kujera da sukudireba, hannu a fanka, kunne a ƙasa. Aka kira Nuru, ƙanen Malam Abdulwadud da ke tuƙi a Accra, aka buɗe muryar waya.

"Nuru, daga sallar asuba za ku kama hanya, kada cunkoson Kasoa ya riƙe ku. Motarka nake so, ba ta abokinka ba. Ka duba birki. Ku fara da Cape Coast da sanyin safiya, ku yi azahar a masallacin zango, sannan Elmina. Kada ka bari ta cika ciki kafin ta shiga ɗakunan ƙasa, wurin yana tayar da zuciya. In ta fito ta yi shiru, ka bar ta da shirunta, kada ka kunna rediyo. Kuma kafin duhu ka mayar da ita ƙofar da ka ɗauke ta."

Kowace kalma sai da ta soki Mukhtaru. Wai har da abin da 'yarsa za ta ci, da shirun da za ta yi, wani ne ya sani.

Sai Rim ta yi ƙasa da murya. "Baba, ka tuna ranar da wata ta kira ni baiwa a aji, na yi ta kuka a mota? Kai ka ce min waɗanda aka kama aka sayar mutane ne masu iyaye da sunaye, abin kunyar na wanda ya sayar ne da wanda ya saya. Ka ce akwai wata 'yar ƙofa a can mai fita teku, wanda ya bi ta ba ya dawowa. Tun ranar nake son in tsaya a gabanta."

Sukudireba ta faɗo ƙasa. Mukhtaru bai taɓa jin wannan labari ba. An zagi 'yarsa tana ƙarama, ta yi kuka, kuma wani ne ya share mata hawaye.

Washegari ya rufe shago ya nufi Hindawiyya. Ya sami tsohon a ƙofar gida yana goge bas ɗin da ba zai ƙara tuƙawa ba. Sallamar ma a taƙaice ya yi ta.

"Malam Wadudu, 'yata ce ko taka? A zage ta, ka sani, ka rufe ni shekara da shekaru?"

"Zauna, Abu Rim."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"To tsaya. Ranar na ce mata ta gaya maka, har na tsaya a ƙofa fiye da kullum. Ta ce a'a. Ta ce in ita baiwa ce, to babanta aka zaga, kuma ba ta son ka ji. Kai take karewa, malam, tun tana 'yar mitsitsiya."

Mukhtaru ya nemi dakali ya zauna.

"Maganar tafiya kuma," in ji tsohon, "ba ni zuwa."

"Saboda ni? Ai ban hana ka ba."

"Wallahi ina son zuwa. Rabona da ganin tekun nan tun ina da baƙin gashi, kuma da idon nan ban san ko zan ƙara samun dama ba. Amma in na je, ta tsaya gaban ƙofar nan kuka ya zo mata, ni za ta juyo ta kalla. Ba ni ya kamata ta kalla ba. Ni aikina in kai yarinya in dawo da ita ƙofar ubanta, duk shekarun da na yi ina tuƙi ban taɓa tsallake wannan ƙofa ba. Na riga na ce wa Nuru kujerar gaba taka ce."

"To in ta tambaye ni abu a can? Ni ban san komai ba."

"Akwai masu yi wa baƙi bayani. Kai ka tsaya kusa da ita kawai."

Kai ne, Baba Wadudu. Kai ne ka tsaya a ƙofofinmu cikin zafin azahar har aka buɗe wa 'ya'yanmu. Kai ne ka sa musu Hausa a baki lokacin da mu iyayensu muke jin nauyinta. Yarinya ta ɗauki ƙauna ta miƙa maka da hannu biyu, da tikitin garinku a kai, ka mayar wa mai ita. Mutane nawa ne za su iya? Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa idon nan haske. Ku kuma da ake ba amanar 'ya'yan mutane, direbobi da malamai da masu raino, ku dubi tsohon nan: ku so su iya so, amma ku bar wa iyayensu wurinsu.

Kada wani ya ɗauka kishin Mukhtaru ya warke. Ina! Har yanzu in Rim ta ce Baba Wadudu sai ya yi gyaran murya. Amma ya sayi takalmin tafiya, kuma kullum sai ya bugo wa Nuru yana tambayar birki, har Nuru ya fara ƙin ɗauka.

Ranar tashinsu tsohon ya zo sallama, ya tsaya a bakin titi. Rim ta fito da jaka, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, me zan kawo maka daga can?"

"Babanki za ki tambaya, shi ne mai tafiyar."

Mukhtaru ya karɓi jakar daga hannunta. Ya daɗe yana kallon mutumin da ya yi shekaru yana jin haushinsa, sannan ya ce da Hausa, ba da Larabci ba, "Malam, zan dawo da ita kafin duhu."

Malam Abdulwadud bai bar wurin ba sai da ya ga sun shiga mota, uba da 'ya, an rufe ƙofa.