Shekarar da Shugabanmu Ya Yi Ta Shara a Guangzhou

Ko zan manta da komai na zamana a birnin Guangzhou na ƙasar Chana, ban da shekarar da muka naɗa sabon shugaba.

Mu ƙananan 'yan kasuwa ba mai iya cika kwantena shi kaɗai. A guruf ɗin waya na ƙungiyarmu muke haɗa kaya, a loda tare a tashar jirgin ruwa ta Huangpu. A nan ake sanar da rashin lafiya da rasuwa, da ɗakin da za a ci tuwo ranar Juma'a. Wanda aka cire daga ciki, shi da kayansa sun zama marayu.

Tsofaffin shugabanni sun daɗe suna fifita nasu wajen lodi. Sai wani matashi Bakano ya miƙe, ga baki, ga tsare gaskiya, ko shayi bai yarda a saya masa. Muka mara masa baya, ni har muryata ta dishe, muka ɗora shi. Da farko kam mun sarara. Daga nan ya fara share mutane. Ya cire tsofaffin, muka yi tafi. Ya cire wanda aka ga ya gaishe su a masallaci. Har amininsa da suka fara gwagwarmayar tare bai tsira ba, don kawai ya ce a sassauta.

Ni kuwa bakina ba ya ajiya. Kafin in shiga kasuwanci na koyar da tarihi a Maraɗi. Wata Juma'a ana tsakiyar cin tuwo na ce, "Shugaba, lokacin juyin juya halin Faransa an yi wani lauya irinka. Ba ya cin hanci, talakawa na sonsa kamar me. Aka kawar da sarki, ya zama shi ke da ta cewa. Sai ya shiga tura mutane ga injin fille kai, har abokansa. Waɗanda suka rage kowa ya shafa wuyansa, suka haɗa baki, shi ma aka kai shi wurin."

Ya suɗe yatsunsa a hankali ya ce, "Malam, nan Chana ce fa, ba aji ba."

Kafin in kai masaukina an cire ni.

A lokacin na san kaɗaici. Gari cike da jama'a, ba wanda zan ce wa ina kwana. A masallaci mutanenmu ana sallamewa su sulale, kada a gan su da ni. Kaya suka taru a ɗakina har ina kwana kan kwalaye. Zazzaɓi ya kayar da ni, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Cikin azumi sai ya sanar cewa bayan Sallah akwai babbar shara, bai kuma ambaci sunan kowa ba. Mutanenmu ba su yi masa musu ba, ai ba halinmu ba ne. Shiru suka buɗe sabon guruf, suka saka mu da aka kora a ciki, suka yi ta ficewa daga nasa da ɗai-ɗai. Ya wayi gari yana shugabancin kansa.

Ranar Sallah, an sauko Idi kowa ya nufi cin abinci tare, na hango shi a shagon taliya na Musulmin Chana, shi kaɗai cikin sabuwar shadda. Zuciyata ta ce wuce, ƙafata ta ƙi. Na shiga na ce, "Barka da Sallah."

Ya ɗago kai ya ce, "Malam, kai ne na farko yau." Can ya ce, "Wallahi ban taɓa cin haƙƙin kowa ba."

Na ce, "Na sani. Amma wa ka taɓa yi wa uzuri?"

Taliyarsa ta huce a gabansa. Ba a daɗe ba ya tattara ya koma gida, ni kaɗai na raka shi filin jirgi.

Har yau ban ce mugu ba ne, kuma ban huce da shi sarai ba. Abin da na koya shi ne, mutum zai iya tsare gaskiya ya rasa kowa, idan bai bar wa masu kuskure hanyar dawowa ba. Ranar da zai buƙaci mutane, waɗanda ya kora ne za su rage masa.