Harajin Kuɗin da Hannuna Bai Taɓa Ba

Abubuwa da yawa na zamanin yaƙin basasa sun ɓace mini, wasu ma sai jikoki sun matsa mini da tambaya nake lalubo su. Amma kwana goma sha biyun da na yi ina zarya tsakanin Sabo, unguwarmu ta Hausawa, da ofishin haraji na Ibadan, su kam ba zan manta da su ba har in koma ga Allah. Har yau in aka miƙo mini ambulan mai hatimin gwamnati sai na tuna da su.

Lokacin shekaruna ba su fi talatin ba, kuma ban daɗe da gadon gidan mahaifina ba. Sana'armu saukar baƙi ce. Falke ya taso daga Arewa da shanu, ko ya zo sayen goro, a gidanmu zai sauka. Mu ba shi ɗaki da abinci, mu nemo masa mai saye, in ya sayar mu riƙe masa kuɗinsa har ya tashi tafiya. Babu takarda, babu sa hannu. Maigida a Sabo ba shi da wani jari da ya wuce a ce wane ba ya taɓa amana, kuma ranar da aka daina faɗar haka a kansa, ɗakunan baƙinsa sai gizo-gizo.

A cikin baƙin da na gada akwai wani dattijo mai shanu daga wajen Katagum. Ya fi shekara ashirin yana sauka wurin mahaifina, tun ina yawo ba wando ya san ni, shi ya sa ko da na zama maigida bai daina ce mini "ɗan maigida" ba. Da ƙasa ta fara rikicewa, hanya ta zama abin tsoro, sai ya sayar da garken da ya kawo, ya ƙirga fam ɗari takwas a gabana, ya ƙulle a tsumma ya miƙo mini.

"Riƙe mini wannan," ya ce. "Ba zan shiga jirgi da su a wannan hali ba. Bayan Babbar Salla zan dawo."

Salla ta zo ta wuce, bai dawo ba. Daga baya muka ji ciwon ƙafa ya kwantar da shi.

Kuɗin nan suka hana ni sakat. Na sa su a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, amma kullum da jita-jitar da za ta shigo unguwa: yau a ce za a kori Hausawa, gobe a ce sojoji za su bi gida-gida. Ko Mokola, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, na je sai in baro abin da ya kai ni in dawo in leƙa ƙarƙashin gado. A haka na kai kukana wurin wani abokina Bayarabe, akawu ne a wani banki, tare muka yi ƙwallo muna yara. Ya ce abu mai sauƙi ne, in kawo su a yi musu ajiyar wa'adi. Za su zauna shekara guda, a ba ni takarda. In shekara ta cika ban zo ba, banki zai sabunta ajiyar da kansa, ya haɗa kuɗin ruwan da suka taru a kan uwar kuɗin, a sake wata shekarar.

"Ni ba na cin kuɗin ruwa," na ce masa.

Ya yi dariya, ya kira ni da sunan da Yarbawa ke kiran Bahaushe. "Mola, wa ya ce ka ci? Bar su a ciki. Ba wanda zai ɗura maka a baki."

Wannan magana ta kwanta mini, don dama abin da nake son ji ke nan. Na ce a raina, abin da hannuna bai taɓa ba, aljihuna bai gani ba, ai ba nawa ba ne. Da aka zo rubuta suna, mai kuɗi yana can Arewa a kwance, sai na ba da nawa, na sa hannu da ajami. Ban gaya wa kowa ba, har matata. A Sabon wancan lokaci, a ji maigida ya kai kuɗin baƙo inda ake ba da ruwa, ai gara a ce an gan shi yana fitowa daga gidan giya. Da aka yi canjin kuɗi ana tsakiyar yaƙi, mutane suna ta layi da damin takardu, ni ina zaune ina yi wa kaina kirarin wayo.

Haka ajiyar ta yi ta sabunta kanta har sau uku. Sai ga wani direban motar goro ya kawo mini saƙo cewa dattijon ya miƙe, yana nan tafe kafin wata ya ƙare. Na yi murna ƙwarai. Shirina shi ne in je banki a ɓoye, in fasa ajiyar, in ƙulle fam ɗari takwas a tsummansu na da, in miƙa masa kamar ba su taɓa barin ƙarƙashin gado ba. Kwana biyu da zuwan saƙon, masinja ya kawo mini takardar ofishin haraji.

A lokacin maganar haraji ba abin wasa ba ce a ƙasar Yarbawa. Manoman ƙauye sun tayar da ƙayar baya a kansa, gwamnati kuma tana neman kuɗin yaƙi ido rufe, ana kama mutane ana tsarewa. Ni dai na san ina biyan nawa duk shekara a kan la'adar da nake samu, rasiɗaina suna nan. Na kwashe su na tafi da ƙarfin gwiwata.

Ma'aikacin da na tarar wani magidanci ne mai tabarau, mai sanyin murya. "E joko, Malam," ya ce, yana nuna mini kujera. Da Yarabanci muka yi maganar, don a garin aka haife ni. Ya duba rasiɗaina ya ce ba su da laifi, sai dai ban faɗi duk abin da nake samu ba. Ya jawo wata takarda da ta fito daga banki, ya karanto mini kuɗin ruwan shekara ta farko, da ta biyu, da ta uku.

Na ce, "Oga, wallahi ko sisi ban karɓa ba. Suna can a ciki. Ban ma san yawansu ba sai yanzu da ka faɗa."

"Na yarda ba ka karɓa ba," ya ce. "Amma ranar da wa'adi ya cika aka rubuta su a sunanka, sun zama samunka na wannan shekarar. Sabuntawar da ake yi, kamar ka karɓa ne da hannunka ka sake miƙa musu." Da ya ga ban gamsu ba sai ya gyara tabarau. "Kai ba ɗan kasuwa ba ne? In ka sayar da goro ka ci riba, ka mayar da ribar cikin jari ba ka kai gida ba, za ka ce ba ka ci riba ba?"

Na ga wannan hanya ta toshe. Sai na koma ɗaya hanyar, na ce ai uwar kuɗin ma ba tawa ba ce, ta baƙona ce. Ya juyo da takardar ta fuskance ni, ya ɗora yatsa a kan ajamina.

"Wannan hannun wa ne?"

"Nawa ne."

"To, mu shi muka sani. In kana so, kawo mai kuɗin gaban alƙali ya rantse, sai mu tambaye shi nasa harajin."

In kai tsohon da ya tashi daga jinya gaban kotu saboda abin da bai san an yi ba? Ma'aikacin ya yi lissafi. Kuɗin ruwan da aka ɗora a kan la'adata sun ɗaga ni zuwa ajin masu biya da yawa, ga tarar shekara uku, duka fam talatin da shida. Ya ba ni mako biyu, in ban biya ba sai kotu. Ya kuma ce sun riga sun rubuta wa banki kada a saki ko kwabo daga ajiyar sai na kawo rasiɗi.

Daga ofishin nan zuwa Sabo da ƙafa na tako ban san na yi ba. Ba fam talatin da shidan ne ya fi tayar mini da hankali ba, ko da yake a lokacin kasuwa ta mutu, ko fam goma ba ni da shi a hannu. Abin da ke cina shi ne dattijo yana hanya, kuɗinsa kuma suna kulle da sunana. In ya iso ya ce in kawo, me zan ce? In aka shiga kotu kuwa, kafin la'asar duk Sabo ta ji. Rance ma ba dama, don duk wanda na tunkara a unguwa sai ya so sanin dalili. Na koma wurin abokina akawu ina huci, na ce shi ya jefa ni. Ya ce, "Ni na ce kada ka ci, ban ce gwamnati ba za ta ci ba." Da ba a cikin banki muke ba, da na shaƙe shi.

Na sayar da keken mahaifina da rediyona a Mokola, inda ba a san ni sosai ba, a wulaƙance. Abinci ya daina shiga mini. A sahu ina salla ina lissafi, Allah Ya yafe mini. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai in leƙa, in ce shi ne. Rana ta tara matata ta ajiye mini kuɗin adashinta a kan tabarma. "Ba zan tambaye ka ba," ta ce, "amma ramar nan da kake yi ta ishe ni kallo." Kunya ta hana ni ɗaga kai, amma na ɗauka.

Ranar Talata na biya, saura kwana biyu wa'adin ya cika. Na ruga banki da rasiɗi, suka ce sai takardar sakewa ta zo musu daga ofishin haraji, in dawo Litinin. Ranar Laraba da hantsi dattijo ya yi sallama a ƙofar gidana, yana dogara sanda.

Na sauke shi, aka kai masa ruwa da abinci, muka gaisa muka jajanta wa juna abin da ya faru a ƙasa. Ina ta addu'ar ya ce zai huta kwana biyar. Ana idar da la'asar ya ce, "Ɗan maigida, kawo mini ajiyata. Gobe nake son in sayi goro in juya."

Na yi tunanin ƙarya kala uku a tsaye a wurin, babu wadda za ta kai Litinin. Sai na durƙusa na gaya masa komai, tun daga akwatin ƙarfe har keken da na sayar. Na fi nanata cewa kuɗinsa suna nan cif, kuma ban taɓa kuɗin ruwan ba. Ya saurare ni har na gama, yana murza carbinsa.

"Kai su bankin bai dame ni ba," ya ce. "Lokacin tsoro ne. Amma ka ce sunanka ne a takardar?"

"Nawa ne, Baba."

"Wa ya sani bayan kai?"

"Babu, sai akawun."

"To, da ka mutu a shekara ukun nan fa? Malamai za su zo rabon gado, su tarar da takarda da sunanka. Su raba wa 'ya'yanka gumina, su ci ba su sani ba. Ni in zo da sandata in ce nawa ne, wa zai yarda?"

Wallahi ko sau ɗaya wannan bai taɓa zo mini a rai ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Litinin muka tafi banki tare. Ya ƙi shiga, ya tsaya a inuwa a waje. A gida na ƙirga masa fam ɗari takwas. Na tura masa kuɗin ruwan, ya turo mini su da bakin sanda, ya ce da sunana aka same su, in san yadda zan yi da su. Daga baya da su aka gyara kwatar layinmu. Sannan ya zare fam talatin da shida daga cikin nasa ya ajiye a gabana. Na rantse ba zan karɓa ba.

"Ɗauki," ya ce a hankali. "Ba na son wani abu nawa ya saura a wurinka, ko naka a wurina."

Bai gaya wa kowa ba. Sunana bai ɓaci a Sabo ba, baƙina suka ci gaba da zuwa. Amma da shanunsa suka iso a shekarar da ta biyo baya, gida biyu gaba da nawa ya sauka. Masu tambaya ya ce musu can ya fi kusa da masallaci, ga ƙafarsa. Kullum da safe zai wuce ta ƙofata ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya wuce. Haka muka yi shekara shida har Allah Ya karɓi ransa, bai sake ba ni ajiyar ko taro ba.

Abin da na koya shi ne, duk abin da aka rubuta da sunanka naka ne a wurin hukuma, ka taɓa shi ko ba ka taɓa ba, kuma kau da kai ba ya hana a ƙirga shi. Tun daga ranar ban sake riƙe wa mutum kuɗi ba sai da shaidu biyu, da sunan mai shi a rubuce, kuma duk inda na kai su sai ya sani. Harajin na biya shi cikin kwana goma sha biyu. Gaisuwar tsohon nan a ƙofar gidana kuwa, har yau ban gama jin nauyinta ba.