Hanyar Ƙauyen Yayata

Shekarar da aka yanke layin waya a gabashin jiharmu, labari ya iske mu a unguwarmu ta Minanata cewa 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da yayata take aure. Kwana uku shiru. Inna ta daina cin abinci. Rana ta huɗu muka shiga mota ni da kawuna, ƙanen Inna, mai sayar da hatsi. Direba ya sauke mu a gari na ƙarshe, ya ce daga nan ko ɗan kabu-kabu ba ya wucewa. Saura tafiyar yini da rabi a ƙafa.

Ni tela ne, kullum ina zaune a shago a Sama Road. Ban saba da tafiya ba, ga shi bazara ce. Kafin azahar takalmi ya ci mini dunduniya, ƙafa ta yi bororo ta fashe. Muka wuce ƙauyuka biyu babu kowa, rumbuna a ƙone, wata akuya ta mutu a ɗaure a turkenta. A wani masallaci da aka bari a buɗe muka kwana.

Washegari da hantsi ruwanmu ya ƙare. Na zube gindin wata aduwa na ce, "Kawu, ba ni iyawa. Mu koma."

Bai yi mini faɗa ba. Ya kwance rawaninsa ya yaga biyu, ya durƙusa yana naɗe mini ƙafafu, shi da ya kusa saba'in.

"Koma," ya ce. "Amma in Inna ta tare ka bakin ƙofa ta ce ina ɗiyata, mi za ka ce mata? Ka gaji?"

Na tashi. Ban ƙara duban nesa ba. Sai in zaɓi itace guda a gaba, in ce can kaɗai zan kai. In na kai in zaɓi wani.

Da la'asar muka isa. Wata tsohuwa da ta ƙi gudu ta gane kawu. Ta kai mu bayan gari inda sababbin kaburbura suke a jere, ta nuna na huɗu, ta ce na yayata ne. Mijinta kuwa, 'yan bindigar sun tafi da shi daji.

A tsaye na yi addu'a, don na san in na zauna ba zan tashi ba. Tsohuwar ta ba mu ruwa da ɗan garin gero. Kawu ya dubi ƙafata, ya ce gobe da asuba mu kama hanya.