Odessa Whitlock, Wadda Ta Hana Haya Ta Kore Mu

Da safiyar Talata, huɗu ga watan Maris, ina ɗumama injin motar 'yan makaranta, ɗanki Curtis ya kira ni ya ce kin rasu a asibiti bayan gajeriyar jinya. Na kashe motar na yi zaune, har direban da ke bayana ya fara danna mini hon.

Mis Odessa, ba zan ce ke mai sanyin hali ba ce, don da kina nan da kin ƙaryata ni. A majalisar ƙaramin garinmu da ke jihar New Jersey ta Amurka, inda kike mamba, ke kika kafe sai an yi doka: duk kamfanin da zai gina sababbin gidaje, dole ya ware wasu a kan hayar da mai ƙaramin albashi zai iya biya. A lokacin haya ta fi ƙarfina. A garin nan aka haife ni, amma har na fara cusa kaya a kwalaye, zan ɗauki 'yata mu bar shi.

Mutanenmu ba sa fitowa fili su ce ba sa son talaka a unguwarsu. Cewa suke yi wurin ajiye mota zai yi kaɗan. Ranar da majalisa ta zauna jin ra'ayin jama'a, Glenn Haverty, dattijo a cocinmu, ya miƙe ya yi ta zuba a kan motoci. Kika bari ya gama, kika cire tabarau, kika nuna ni.

"Glenn, tun muna firamare na san ka, bar zancen motar nan. Ga Renata can. Kullum da safe kana miƙa mata jikokinka ta kai su makaranta. Ka amince mata da ransu, amma ba ka yarda ta kwana a layinku ba?"

Ya koma ya zauna. Da ƙyar dokar ta wuce. Wasu ba su ƙara gaishe ki ba, ke ma ba ki bi ta kansu ba. Ranar da muka tare a sabon gidan da muka samu albarkacin dokar, kika hau bene da sandarki, Curtis na biye da tukunyar miyar kaza. Kika leƙa ko'ina, kika ce tagar kicin ta yi ƙanƙanta, amma in yi haƙuri.

Ga shi wata mai zuwa za a sake duba dokar, kujerarki kuwa ba kowa, alhali iyalai da yawa na jira kamar yadda na jira. Kin san ni, ban saba magana a gaban taro ba. Tsoro nake ji, amma zan miƙe in kare ta.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya ba ki hutawa. Curtis, kai da yaranka Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ku sani ba ku kaɗai kuka yi shi ba. A benenmu ma ana kuka, a gidajen da ba don ita ba da ba mu cikinsu.