Buzun da Na Sayo a Gonar Layya

Ko zan manta da komai na zamana a New York, maganar buzun nan ba za ta fita daga raina ba.

A shekarar da na saye shi ne na shiga ajin yaƙi da jahilci na manya a nan Bronx, ina koyon karatun Turanci saboda jarrabawar zama ɗan ƙasa. Ga furfura a gemu, ga ni ina haɗa baƙi kamar ɗan firamare, amma ban damu ba. Da babbar sallah ta zo, muka cika mota zuwa wata gona a bayan gari don yanka ragunan layya. Muna jiran a gama fiɗa sai wani Bature ya buɗe bayan motarsa yana tallar fatu. Idona ya faɗa kan wata mai ruwan toka, gashinta lallausa kamar hayaƙi. An yanke kai da wutsiya da ƙafafu. Na ce a raina ragon ƙasar sanyi ne, dole gashinsa ya fi na namu. Na saya na mai da ita buzu, irin wanda mahaifina yake zama a kai.

A kansa nake salla, a kansa nake bitar karatu. In na shafa gashin sai hayaniyar titi ta yi nisa, in ji kamar ina wani wuri mai sanyi inda babu kowa.

Wata rana malamarmu ta ce kowa ya kawo wani abu daga gida ya yi bayaninsa da Turanci. Na naɗo buzuna. Ta shafa shi, ta juya shi, sai murmushinta ya ɗauke. Ta ce cikin tumaki ta tashi, wannan ba fatar rago ba ce. Tana zargin kyarkeci ne, dabbar da doka ta hana kashewa a wurare da yawa. Ta ba ni shawara in kai shi da kaina ofishin masu kula da namun daji.

Abokin zamana, mutumin Damagaram, da ya ji sai ya riƙe baki. “Alhaji, jefa shi a bola mu huta! Kana jiran takarda za ka kai kanka? Kuma wata nawa kana sujada a kan ɗan’uwan kare!”

Na ce, “To ai bai taɓa yi mini haushi ba.”

Muka yi dariya, amma na san akwai gaskiya a maganarsa. In sunana ya shiga shari’a, takardar da na daɗe ina jira tana iya suɓucewa. Duk da haka na kai.

Wata jami’a ta yanki fatar kamar girman farce, ta tsige gashi kaɗan ta sa a ’yar kwalba. Ta ce a jikin kowace halitta akwai shaidar da ake kira DNA, wadda take nuna ita wace ce da kuma danginta. Ta tambaye ni gonar da launin motar, sannan ta ce in je in jira.

Makonni suka yi ta wucewa. In na shiga jirgin ƙasa a tashar Fordham Road gyangyaɗi ya ɗauke ni, sai in ga dabbar tana tafiya cikin ƙanƙara tsakanin dogayen itatuwa. Takan waiwayo ta dube ni, ba fushi a idonta, ina biye da ita har ƙarar ƙofa ta farkar da ni.

Ranar da jami’ar ta kira ni, ta ce lallai kyarkeci ne, kuma mace ce, daga wani daji can wajen manyan tafkuna. An taɓa tsintar jini a kan ƙanƙara a wurin, aka ajiye ba a san inda gawar ta shiga ba, sai ga shi ya dace da buzuna. Har ’ya’yanta sun sani, ta gwajin kashin da suke bari a daji. An kama Baturen da ya sayar mini da ita, da wasu fatun a hannunsa.

“Kai shaida ne,” in ji ta, “ba mai laifi ba.”

Na yi ajiyar zuciya. Sai na ji bakina yana tambaya, “’Ya’yan suna raye?”

“Wasunsu,” in ji ta.

Da bazara na ci jarrabawata. Abin da lamarin ya koya mini shi ne, duk abin da ka gani a shimfiɗe ana talla daga wani wuri aka rabo shi, kuma yana da nasa dangin. Yanzu kafin in shigar da abu ɗakina sai na tambayi daga ina ya fito, in kuma tsaya in ji amsa.