Masallacin da bai kalli gabas ba

Ni mai ɗaukar hoto ne a Fagge, kuma tun da na fara sana'a fuskokin mutane nake ɗauka: amare, 'yan makaranta, da masu neman fasfo, waɗanda in ka ce su saki fuska sai su ƙara ɗaure ta kamar an kai su gaban alƙali. Ban taɓa ɗaukar abin da babu mutum a cikinsa ba. A unguwarmu in ka ɗaga kyamara ka saita bango, sai an tambaye ka ko lafiya.

Mai gyara min kyamara wani mutumin Ibo ne, yana da ɗan shago a bayan Kasuwar Sabon Gari. Ya zo Kano yana saurayi, ya koyi Hausa a bakin 'yan kasuwa, har ya fi ni iya baƙar magana. Da waya ta ƙwace mana aiki, ni da shi muka zama 'yan zaman banza. Matata ta riga ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, don haka bencin ƙofar shagonsa ne kaɗai inda ake jira na.

A bangon shagon akwai wata tsohuwar kalanda da ya ƙi cirewa. Hoton kufan wani gari ne a bakin teku, can ƙasar Kenya, kusa da otal-otal ɗin masu yawon buɗe ido. Gine-ginen dutse ne, itatuwan kuka sun fito a tsakar gidaje, ga wani masallaci rufinsa ya zube, sai wurin tsayuwar liman kawai ya rage. Wata rana ya nuna min da sukudireba ya ce wanda ya ɗauki hoton nan bai iya aiki ba, mu je mu ɗauko namu. Na yi masa dariya, amma maganar ta bi ni gida.

Gaggawarmu ɗaya ce. 'Ya'yansa sun matsa masa ya koma garinsu ya huta, duk Kirsimeti sai sun tayar da zancen. Ina so mu tafi kafin su ɗauke shi, don na san kaina, ni kaɗai ko tashar mota ba zan kai ba.

Muka raba aiki. Shi ne mai kula da kaya: wane gilashin kyamara za mu ɗauka, yadda za mu naɗe kyamara da ɗanyar shinkafa a jaka don kada iskar gishiri ta ci ta. Ni kuwa haske ne nawa. Na ce masa ai masallaci gabas yake kallo, wannan ko yaron goye ya sani. Da safe rana tana bayan wurin liman, duhu kawai za mu kwaso. Sai bayan la'asar, in ta juya yamma, za ta haska cikinsa sosai. A kan wannan muka gina komai. Safiya tasa ce, ya je ya yi wankan tekunsa, ni in zauna nesa ina tsaron takalma, tunda ruwan da na sani bai wuce na randa ba. Yamma tawa ce, kuma shi zai tsaya a bakin ƙofa, don hannuna ba ya yarda ya danna in babu mutum. Yakan ce, "Malam, maganar gabas kai ne shugaba, ni ɗan rakiya ne."

Shekaru muka yi a haka, kullum baɗi.

Na je ƙauye ɗaukar wani biki, na dawo na tarar da shago a kulle. Maƙwabcinsa ya ce ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, daga asibiti 'ya'yan suka wuce da shi gida. Ba a daɗe ba wani ya kama shagon yana sayar da cajar waya. Kaɗaicin da na ji bai yi kama da na mutuwa ba, don na mutuwa ana zuwa yi maka gaisuwa. Na ci gaba da shirin ni kaɗai, ina gaya wa kaina zai warke.

Ran nan a Kantin Kwari ina ɗaukar wa wani Alhaji hoton atamfofi, hira ta kawo cewa ya taɓa zama a ƙasar Kenya. Nan da nan na baje masa tsarina na la'asar, ina ji da kaina. Ya dube ni ya ce, "Ai can ba gabas suke kallo ba. Makka tana arewa da su."

Na yi tsaye da kyamara a hannu. Ashe duk shekarun nan a kan kuskure muke, kuma kuskuren nawa ne, ni shugaban gabas. Dariya ta kama ni har da hawaye. Na san me abokina zai ce, na san zai yi wata guda yana min tsiya, kuma babu abin da nake so a duniya irin wannan tsiyar. Na fita da sauri, sai da na hango kasuwar Sabon Gari na tuna ba ya nan.

A gefen titi na kira 'yarsa. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce, "Baba, tun da ciwon nan ya same shi Hausa ta ɓace masa. Yarenmu kawai yake yi."

Na ce ba komai, ta kara masa wayar. Na ba shi labarin tun daga farko, da Alhajin, da arewa, da safiyar da muka yi niyyar ɓatawa a wanka. Ina jin numfashinsa. Da na gama sai ya faɗi wata gajeriyar magana. Na tambaye ta me ya ce.

"Ya ce wane ne."

Na ce ta gaya masa wani mutumin Kano ne yake gaishe shi da jiki. Ta gaya masa, ya amsa, ta ce ya gode.