Bugun da Lawali Ya Zaɓa

Ku matso kusa, ku rage surutu, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma wannan karon ba ta ɗauko dariya da yawa ba. Labarin yadda na so in riƙe jikana a gida da tatsuniya ne.

A Danwarai aka haife ni, gidan manoman albasa, kuma a hannun kakata Inna Tumba na tashi, wadda ta haifi babana. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla. Rabin abin da na sani na duniya a bakin murhunta na ji shi. In an ci tuwo an yi isha'i, ba ta barin wuta ta mutu. Sai ta tura karan dawa biyu a murhu, ta jawo ƙwaryar gujiya ta dire tsakiyarmu, ta ce wanda hannunsa bai ɓara ba, kunnensa ba zai ji ba. Ga warin albasar da aka baza a tsakar gida, ga hayaƙi yana sa mu hawaye, amma babu mai tashi. Muryarta ƙasa-ƙasa take. Da gangan take yi, don mu matso.

Akwai guda ɗaya da muka fi roƙonta. Wai wani gari ne a bakin gulbi, wani mugun kada ya zo ya tare musu mashigi, ba ɗiban ruwa, ba ƙetarawa. Da abin ya ishe su, sai suka shiga daji suka roƙo dodanni biyu, wa da ƙane. Ƙanen sunansa Tsunguli. Ɗan mitsitsi ne, bugunsa bai fi tsungulin uwa zafi ba, amma ba ya tsayawa, kafin ka ce wayyo ya ƙara maka wani. Wan kuwa Kwankwatsa. Bugu ɗaya tak gare shi, in ya sauke shi a kan dutse, dutsen gari yake komawa. Sai dai kafin ya sauke, dole ya zauna ya yi ta haɗiyar iska yana kumbura, kwana da kwanaki, kuma muddin yana cikin wannan hali ko ƙuda ba ya iya korewa.

In ta kawo nan sai ta tsaya, ta gyara itace, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To, ɗiyan ga, in ku ne mutanen gari, wa kuka ɗauka?"

Sai gardama ta kaure. Maza duk Kwankwatsa. Mu mata mu rabu biyu. Sai mun gaji don kanmu sannan ta ƙarasa.

Wata rana ta ce kada ya lallaɓo ya cinye ƙafafun Kwankwatsa yana zaune yana kumbura, Tsunguli kuwa ya yi ta cizon wuri ɗaya a ƙasan idon kada har ya gudu ya bar gulbin. Wata rana kuma, da bakin nan nata, ta ce Tsunguli ya yi ta yi har farcensa ya ƙare, kada yana lumshe ido kamar ana yi masa susa, sai da Kwankwatsa ya cika ya sauke nasa sannan gari ya sha ruwa.

Ni ce na kama ta. Na ce, "Inna, shekaranjiya fa Tsunguli yac ci."

Ta ce, "Shekaranjiya wa az zaune can?"

Na tuna yayana Garba ne, wanda ba ya iya jiran kunu ya huce.

"Yau fa, wa ab bayan zana?"

Babana ne. Yana zaune yana gyaran igiya kamar ba ya ji. Mutum ne mai tsoron kasuwa, kowace shekara a bakin gona yake sallama wa dillalai albasarsa, ya kasa ɗaukarta da kansa ya kai Jega. Inna ta ja kunnena a hankali ta ce, "Ke dai ɓara gujiyarki. Ba a ba mai zazzaɓi da mai ciwon ciki magani guda."

Kwanci tashi, Inna ta riga mu gidan gaskiya, ni ma na zama kaka. Cikin jikokina akwai Lawali, ɗan babban ɗana, wanda ubansa ya rasu ya bar shi da uwa da ƙanne. Kabu-kabu yake yi a Jega da mashin ɗin wani. Ran nan a hanyar Maiyama shanu suka faɗo masa titi, ya kauce musu, ya faɗi, cinyarsa ta karye. Ƙasarmu kuwa kowa ya san ta da ɗori. Aka kawo shi, mai ɗori ya ja ƙafar, ya jera karare ya ɗaure, ya ce kada ya kuskura ya taka sai ya ba shi izini. Ɗakina aka shimfiɗa masa, tun da ni ce ba ni zuwa ko'ina.

Saurayi mai jini a jika, an kwantar da shi kamar jinjiri. Abin da ya hana shi haukacewa wayarsa ce. Daga safe har yamma yatsansa na dukan gilashin, tas-tas-tas.

Na ce, "Maigida, mi kaka duka haka? Wayar ta yi maka laihi?"

Ya ce, "Amarya, matso ki gani. Dodanni nika kiwo."

Na ce auzubillahi. Ya yi dariya har ƙafar ta amsa masa. Sannan ya nuna mini. Wasa ne, gem suke ce masa. Kana da dodanninka, wani na wuta, wani na ruwa, wani ganye ne a bayansa, kana haɗa su faɗa da na wasu mutane da ba ka taɓa gani ba. Ruwa na kashe wuta, wuta na cin ganye, ganye na shanye ruwa. Na ce wannan ai ko ni na sani. Kowane dodo kuma bugu biyu gare shi. Akwai ƙarami da yake yi ba tsayawa, kowane ɗaya yana ƙara cika wani ɗan layi a ƙasa, kamar ana ɗura ruwa a gora. In layin ya cika, sai a saki babban.

Abokinsa Bashiru, ɗan wani mahauci a Jega, yakan zo duba shi da ƙunshin balangu. Ko zama bai gama ba za su fara.

"Kai ba ka san komi ba," in ji Bashiru. "Dubi lambar da anka rubuta wa wanga bugu. Wa ka tsayawa gabanai?"

"Lamba kaka kallo, kamar mai sayen sa da ƙaho," in ji Lawali. "Kahin shi cika an kashe ka. In ma ya cika, mutum shi ɗaga garkuwa, ka zubar a banza. Nawa rabin ƙarhinai gare shi, amma sau ukku nika saki kahin ka saki guda."

"Bugun mata ke nan."

"To taho matan su kada ka."

Suka gwada a gabana, Lawali ya kada shi. Suka sake, ya sake kada shi. Bashiru ya ce rashin sabis ne. Ni kuwa ina gefe ina tsinke zogale, amma muryar Garba da ta sauran yaran nake ji a bakin murhun Inna.

A bakin Bashiru na fara jin maganar zinari. Ya ɗauka barci nake. Wai wasu samari suna shirin tafiya haƙa can cikin hamada, bayan Agadas, kuma Lawali ya ce da zarar an kwance masa kara da shi za a tafi. Na san ramukan nan. Na san gidaje biyu a garinmu da aka yi zaman makoki babu gawa.

Na jira sai da aka yi magariba, Bashiru ya tafi. Na sa aka kawo mini garwashi a kasko na ajiye tsakaninmu, na ce, "Maigida, aje dodanninka ka ji nawa." Na ba shi Tsunguli da Kwankwatsa tun daga farko. Na yi muryar Inna iyakar iyawata. Na sa kada ya ci ƙafafun Kwankwatsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Na ba Tsunguli gulbi. Da na gama na ce, "Kai da bakinka ka hwaɗa wa Bashiru. Ƙaramin bugu mai yawa ya hi babba guda. Kabu-kabunka shi ne Tsunguli. Yau kaɗan, gobe kaɗan, uwarka ta ci, ƙannenka su ci."

Ya dubi garwashin. Sannan ya ce, "Kaka."

Tun da ya yi wayo bai taɓa ce mini Kaka ba, sai amarya, sai tsohuwa.

"Ina ƙarami, lokacin da nika tsoron shiga makaranta, kin ba ni wagga tatsuniya. Kwankwatsa yac ci."

Na ce, "Wancan lokacin daban."

Ya ce, "Na sani. Amma ba ki ga wasan duka ba. Ƙaramin bugu ba shi kashe kowa, aikinai shi cika layi. Mahi muni cikin wasan ga shi ne a kashe dodonka layinai cike, bai saki ba. Babana haka yat tahi. Tun ina goye shina cewa baɗi za shi sayi injin ban-ruwa. Ni shekara nawa ina bisa mashin ɗin wani? Ga abin da nis samu." Ya dafa kararen cinyarsa.

Inna ta koya mini ƙarshe biyu, ba ta koya mini na ukun da ake ba wanda ya riga ya ji duka biyun ba. Abin da na iya kawai, na ce ya bari ƙafar ta yi ƙwari. Ya ce zai bari. Ya kuwa cika alkawari, bai taka ba sai da mai ɗori ya kwance, ya yi ta dogara sanda har ya yar da ita. Bayan an kwashe albasa ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina, na sa masa albarka, don ba a hana matafiyi albarka.

Da ina yarinya na ɗauka Inna ta san wanda ya fi tsakanin dodannin nan, ɓoye mana take yi. Yanzu na gane ita ma ba ta sani ba. Ta ga masu haƙuri da suka mutu hannu wofi, ta ga masu kasada da ba su dawo ba, sai ta riƙa duban fuskar wanda ke gabanta tana ba shi abin da zai rage masa nauyi. Maganin nata yana ci ne muddin yaro bai fara auna duniya da kansa ba. Lawali ya auna. Har yau in na kwanta ina juya maganarsa, ban sami inda ya yi ƙarya ba, kuma ban daina cewa da bai tafi ba.

Garba yayana, mai gaggawar nan, shi ya fi mu duka daɗewa cikin rufin asiri, ya rasu da jikoki cike da gida. Babana bai taɓa kai albasarsa Jega ba har ya koma ga Allah. Bashiru bai bi su ba, ubansa ya hana shi, yanzu shi ke riƙe da teburin nama, ya yi aure, in ya shigo Danwarai ba ya wuce ƙofata. Ya ce ya goge wasan daga wayarsa. Uwar Lawali tana tuyar ƙosai, ƙanensa ya hau mashin ɗin da ya bari.

Lawali kuwa ya yi ta kira da farko, daga baya kiran ya ja baya, sannan ya ɗauke. Damina biyu ta wuce kafin wani mutumin Maiyama da suka yi rami ɗaya ya dawo, ya nemi gidanmu. Ya ce ramin ya rufta da su uku, sun tono su, sun yi musu salla, sun rufe su a can cikin rairayi. Maza suka yi ta salati. Ni na jira sai da aka watse, na kira shi gefe, na tambaye shi ko yaron ya sami abin da ya je nema.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Bai samu ba, Inna. Amma ban taɓa ganin ya yi nadama ba. Kullum za shi shiga rami sai ya ce muna saura kaɗan."

Na ce Allah ya jiƙansa. Na ba mutumin ruwa ya sha.